Kwaltar Bazazzagi

Matata Hajiya ce ta fara son abin, ba ni ba. A lokacin tana aikin kula da wata tsohuwar Baturiya a Sedgefield, wata unguwa a nan Greensboro, kuma daga tagar kicin ɗin tsohuwar tana hango gidan maƙwabta, inda ake ajiye wani farin ɗaki mai tayoyi a gefen gareji. In zafi ya shigo, duk ranar Juma'a sai mata da miji su maƙala shi a bayan mota su ɓace, ranar Lahadi da yamma su dawo fuskokinsu sun yi jajur. Ta daɗe tana ba ni labarin ɗakin nan kamar labarin wani ɗan uwa da ya yi arziki.

"Akwai gado a ciki, Alhaji. Akwai murhu. Har da banɗaki."

"Mu namu gidan babu gado ne?"

"Namu gidan ba ya zuwa bakin teku."

Hajiya tana son tafiya, amma ba ta son otal. Ba ta yarda da tawul ɗinsu ba, ba ta yarda da abincinsu ba, kuma akwai ranar da ta ɗora miyar kuka a ɗan risho cikin ɗakin wani otal, ƙararrawar gobara ta tashi, aka fito da baƙi gaba ɗaya waje. Tun daga nan ta ce ita da otal sai dai in da lalura. Don haka da na ajiye aiki a sito ɗin kujeru da gadaje inda na yi shekaru ina tuƙa injin ɗaga kaya, muka je wurin dila mai sayar da irin ɗakunan nan a bayan gari, muka sayi sabo dal. Yara suna da sunan da suke kiransa da Turanci. Ni na ce masa tafi-da-gidanka, Hajiya kuma tun ranar farko ta ce masa ɗakina.

Karatuna bai wuce firamare ba, Turancina kuma na wurin aiki ne, saboda haka babbar 'yata ce ta zauna da mu aka sa hannu. A mota, kan hanyar komawa, ta yi min bayanin garanti. Ta fara da Turanci kamar yadda suka saba, sai ta tuna da wa take magana, ta sake da Hausa.

"Baba, duk abin da ya lalace kafin wa'adi ya cika, su za su gyara, ba za ka biya ba. Amma su kaɗai za su taɓa shi. Kuma duk shekara ka kai musu su yi sabis, su duba rufin."

"Na ji."

"Har da Baba na Pleasant Garden. Ka faɗa masa kada ya taɓa."

Na sake cewa na ji. Amma a zuciyata na san ba maganar da zan iya faɗa ba ce.

Wanda take kira Baba na Pleasant Garden abokina ne, bakanike, mutumin ƙasar Zazzau, Kirista. Na san shi tun ina baƙo a garin nan. Motata ta farko ta mutu a bakin wani gidan mai, na buɗe bonet ina zaginta da Hausa, sai na ji murya a bayana tana cewa, "Wannan zagin na Kano ne." Ya gyara ta a wurin, ya ƙi karɓar komai, ya ce in ya karɓi kuɗin Bakano hannunsa zai yi ƙaiƙayi. Tun daga ranar bai taɓa kirana da wani suna ba sai Bakano, ni ma ban taɓa kiransa ba sai Bazazzagi, in ina son in ja shi kuma in ce bawana. Shi yakan ce Bakano ko gaisuwa za ka yi masa sai ya nemi ragi. Ni kuma in ce Bazazzagi in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga ranar da aka ƙera agogon. Duk motar da na taɓa hawa a ƙasar nan ta bi ta hannunsa. Ranar Sallah Hajiya takan cika musu kula da nama, ranar Kirsimeti matarsa, wadda duk muke kira Mama, takan kawo mana shinkafa da cincin a tukwanen da ta ware musamman saboda mu.

Mutumin da ya yi shekaru yana kwanciya ƙarƙashin motarka, ta yaya za ka kalli idonsa ka ce ga abu na saya, amma hannunka kada ya kai? A wurinmu wannan daidai yake da ka ce masa bai iya ba. Na yi ta juya maganar ina neman inda zan kama ta, ban samu ba, na bar ta.

Gidanmu a Glenwood yake, ƙarami, tsakanin gidajen haya na ɗalibai. Titin ma da ƙyar mota biyu ke wucewa saboda kekuna da motocin da aka jera. Babu inda zan sa tafi-da-gidanka. Bazazzagi kuwa yana da fili a Pleasant Garden, jar ƙasa irin ta gida, da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. Ban ma roƙe shi ba. Da ya ji na saya, ya ce, "Kawo shi nan. In ka bar shi a titinku ɗalibai za su shiga su kama haya." Ya share wuri kusa da rumfar aikinsa, ya daidaita ƙasar, ya jera bulo inda ƙafafun za su zauna. Na ba shi mukulli ɗaya, saboda ba a ajiye abu a gidan mutum a hana shi mukulli.

Shekarar farko ita ce nake yawan tunawa. Mun je bakin teku, mun je kan duwatsu lokacin da ganyaye suke rikiɗa su koma ja da ruwan ɗorawa. Hajiya ta jera kwalaben kuka da kuɓewa da daddawa a ɗan kabad ɗin, ta cusa tsumma tsakaninsu kada su fashe a hanya. Ta sa buta a banɗaki, ta ɗinka labule da atamfa. A sansanin masu irin ɗakunan, nakan shimfiɗa darduma a kan ciyawa in yi sallah, maƙwabta su rage muryar rediyo, in na idar su ɗago min hannu. Wani dattijo mai dogon gemu ya biyo ƙamshin miya har ƙofa, Hajiya ta zuba masa, ya ci yana hawaye saboda yaji, ya nemi ƙari. Tafiya ta uku da Bazazzagi da Mama muka yi ta. Matan suka kwana a ciki, mu muka kafa tanti a waje, ya yi ta minshari, da safe ya rantse ni ne. Ban taɓa ganin Hajiya ta saki jiki a ƙasar nan kamar yadda ta sake a wannan ɗan ɗakin ba. Takan zauna a bakin ƙofa da kofin shayi, ƙafarta a kan matakala, tana kallon ruwa.

Sabis na farko na kai shi wurin dila kamar yadda aka ce. Na gaya wa Bazazzagi wai takardu za su sabunta min. Ya kalle ni ya yi murmushi, ya taya ni maƙala shi a bayan a-kori-kurata.

A shekara ta biyu, wajen ƙarshen zafi, Hajiya ta ga wani ɗan tabo a silin, daidai saman gado, kusa da tagar iskar da ke rufi. Na hau tsani na leƙa. Gam ɗin da aka zagaye tagar da shi ya tsage, tsagar ba ta fi tsawon yatsa ba. Na kira dila. Suka ce irin wannan yana cikin garanti, amma aiki ya yi musu yawa, sai bayan wasu makonni. Suka ba ni rana, za su haɗa da sabis na shekara. Na faɗa wa Bazazzagi cewa rufin yana ɗan yoyo, an ba ni rana. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Ana cikin jira sai ƙaramar 'yata ta haihu a wata jiha, muka tafi suna. Muna can aka fara sanarwa cewa guguwa ta taso daga teku, kuma ruwanta zai iso har Greensboro. Na tuna da tsagar, na ce bari in kira Bazazzagi ya jefa tamfol a kai. Baƙi suka shigo, aka shiga gaishe-gaishe, na manta. Da la'asar sai ga kiransa.

"Bakano, kana can kana cin naman suna, ka bar bawanka da hadari."

"Bawa ai aikinsa ke nan. Yaya garin?"

"Garin ya yi baƙi. Amma kwantar da hankalinka, na rufe maka rufin. Na hau na shafe shi da kwalta, tagar gaba ɗaya, har na ƙara a sauran gaɓoɓin. Ko teku ce ta zo da kanta ba za ta shiga ba."

Nan take na tuna da maganar garanti. Amma mutumin nan ya girme ni, gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai, kuma ya hau tsani shi kaɗai iska tana kaɗawa. A gida haka ake yi. In maƙwabcinka ya yi tafiya, hadari ya haɗu, ka ga rufinsa zai zuba, ba ka jiran izini. Balle abin a gidanka yake, amana ce a hannunka. Na yi masa godiya, na ce Allah ya saka. Ya ce in riƙe godiyata in taho masa da dambun nama.

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma ko ɗigo bai shiga ɗakin ba.

Ranar da aka ba ni ta zo, na ja shi zuwa wurin dila. Babban fili ne, ɗakuna irin nawa jere kamar shanu a kara, kowanne da takarda a manne a ƙofa. Wurin jira akwai kofi na kyauta da talabijin. Mutumin da ke kan kanta wani Bature ne mai jiki, tabarau rataye a wuyansa, mai fara'a. Ya karɓi mukulli, ya tambaye ni abin da ke damun ɗakin. Na lissafa masa: firji wani lokaci ba ya sanyi, ƙofa tana cijewa, ga kuma yoyon rufi. Ya ce in ba su 'yan kwanaki.

Da suka kira ni na koma, ya fara da labari mai daɗi. Sun sa wa boris ɗin tayoyi giris, sun daidaita birki, sun gwada layin gas. Sun canja wani abu a bayan firji, sun sa sabon makulli a ƙofa, duk a kan garanti. Sannan ya sa tabarau, ya juyo min da allon kwamfuta.

"Wa ya hau rufin nan?"

A hoton na ga baƙar kwalta ta zagaye tagar, an shafe ta sumul, aikin mai hannu. Amma a gefenta farin rufin ya kumbura, ya yi ƙuraje kamar fatar da ruwan zafi ya zuba wa.

"Abokina ne," na ce. "Guguwa ce ta taso."

Ya gyaɗa kai. Ya ce rufin irin waɗannan ɗakuna ba kwano ba ne, shimfiɗar roba ce, kuma kwalta cinye ta take yi. Tsagar farko aikin ɗan lokaci ce, da sun gyara kyauta. Yanzu kuwa kamfani ba zai karɓi rufin ba, tunda an sa masa abin da ba nasa ba. Ya ce ya tura musu hotuna ya roƙa, sun ƙi. Bai ɗaga murya ba, bai yi min kallon banza ba. Har cewa ya yi, "Abokin naka yana sonka. Ba kowa zai hau sama a irin wannan iskar ba." Ya ce sun liƙa wani abu na wucin gadi da zai riƙe zuwa wani lokaci. Da ya faɗi abin da sabon rufi zai ci, sai na nemi kujera.

Daga wurin dila, in za ka Pleasant Garden dama kake yi. Na tsaya a bakin titi har na bayana ya yi min ham, sannan na yi hagu. Akwai wani filin ajiya na haya da na saba gani, mai shingen waya da ƙofar ƙarfe. Can na kai shi, aka ba ni gurbi tsakanin wani kwale-kwale da tsohuwar bas. A raina na ce na kwana biyu ne, kafin zuciyata ta huce.

Bayan kwanaki Bazazzagi ya kira.

"Bakano, sun riƙe ɗakin ne, ko ka jinginar da shi ka sayi goro?"

"Kaya suke jira," na ce.

"Turawa da jira. Da ka bar min shi da tuni an wuce wurin."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya sake kira bayan mako, na sake cewa kaya. Daga nan bai ƙara tambaya ba. Garin nan ba shi da girma a wurinmu. Wani ɗan cocinsu yana ajiye motar aikinsa a wannan filin, kuma labulen atamfar Hajiya babu mai irinsa. Na san labari ya kai masa.

Mun haɗu a wurin bikin 'yar wani ɗan uwa, a zauren da jama'armu suka saba kamawa. Na hango shi da babbar riga, na nufe shi na buɗe baki zan ce bawana. Ya riga ni. Ya miƙo hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Alhaji, ina wuni. Yaya iyali?"

Tunda muke bai taɓa ce min Alhaji ba. Na amsa, na tambayi Mama, ya ce tana lafiya, ya gode. Muka tsaya kamar mutanen da aka haɗa yau. Sai ya ce bari ya gaisa da mutane, ya wuce. An kawo abinci, ban san me na ci ba.

Haka sanyi ya shigo. Motata ta fara wani ƙara a gaba, na kai ta wani gareji a bakin babban titi, wani yaro da ban sani ba ya sa mata na'ura ya miƙo min takarda. Ranar Kirsimeti Mama ta kawo shinkafa da cincin kamar kullum, amma ita kaɗai ta shigo. Na leƙa ta taga na ga shi zaune a mota, injin yana aiki, yana kallon gaba. Na sa takalmi ɗaya. Kafin in sa na biyu, na tsaya ina shawarar abin da zan ce, har Mama ta fito suka tafi.

Hajiya ba mai yawan magana ba ce a kan abin da ya shafi maza. Ta san rufin ya lalace, ta san inda ɗakin yake, ba ta ce komai ba duk tsawon sanyin. Sai da itatuwa suka fara toho, ƙurar furanni ta rina motoci ruwan ɗorawa, na ce mata ya kamata mu fara shirin bakin teku. Tana tsinke alayyafo a kicin, ba ta ɗago ba.

"Alhaji, in tambaye ka. Ka taɓa faɗa masa kada ya taɓa ɗakin?"

"Kin san ba zan iya ba."

"Da suka ce kwaltar ce ta ɓata rufin, ka faɗa masa?"

"A'a."

"To shi yanzu laifin me ya san ya yi?"

Ta ɗago ta kalle ni.

"Mutum ya ba ka wuri, ya hau sama da gurguwar ƙafa saboda kayanka, ka ɗauke ka kai gidan haya ba ko sallama. In ni ce, cewa zan yi ka ɗauke ni ɓarauniya." Ta zuba ganyen a ruwa. "Ɗakina ne, ko ba haka kuke cewa ba? To ni ba zan taka shi ba sai ya koma inda aka ɗauko shi."

A cikin duk watannin nan, abin da nake gani shi ne na yi masa kara. Ban zarge shi ba, ban ce ya biya ba, ban bari ya ji kunya ba. Ban taɓa tsayawa na duba abin daga tsakar gidansa ba, inda yake fitowa kowace safiya ya ga wurin babu komai.

Ranar Asabar da hantsi na je filin haya, na maƙala ɗakin, na kama hanyar kudu. Ban kira shi ba, don ina tsoron ya ce min ba ya gida. Da na shiga layinsu na rage gudu. Ya riga ya yanke ciyawar farko ta shekara, ko'ina fes, amma bulo ɗin suna nan a jere yadda ya sa su, ya bi gefensu da injin bai kawar ba.

Yana rumfa, kansa cikin bonet ɗin wata mota. Ya ɗago, ya goge hannu, ya tsaya yana kallona. Komawa da baya da tafi-da-gidanka ba abu ne mai sauƙi ba, kuma ban taɓa iyawa ni kaɗai ba. Na gwada, gindin ya tafi hagu. Na fita na sake, ya nufi itace. A karo na gaba na ga shi a madubi, ya taho yana ɗingishi, ya ɗaga hannu yana juya min shi, dama, dama, tsaya, kaɗan kuma. Har ƙafafun suka sauka a kan bulo.

Na fito. Ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji."

Na ce, "Ɗauko tsani. Akwai abin da zan nuna maka."

Na riƙe masa, ya hau a hankali, ƙafa ɗaya tana jan ɗaya. Ya daɗe a sama. Ina jin yana danna robar da yatsa. Da ya sauko bai kalle ni ba, ya zauna a kan matakalar ɗakin, inda Hajiya take zama.

"Kwaltata ce ta yi wannan."

"Roba ce, ba ta shiri da kwalta. Ni ma a wurinsu na ji."

"Sun ƙi gyarawa ke nan."

"Sun gyara sauran. Rufin ne suka ce tunda wani ya taɓa, ya fita daga garanti. Tun ranar da na saya aka ce min kowa kada ya taɓa sai su. Yarinya ta ce in faɗa maka. Na kasa."

"Don me?"

"Kunya."

Ya juyo ya kalle ni sosai.

"Ka ji kunyar faɗa min magana ɗaya, amma ba ka ji kunyar ɗauke shi ba." Ya girgiza kai. "Ni bakanike ne. Garanti ai kullum da shi nake aiki. Sabuwar mota in ta zo nan, ni da kaina nake kora mai ita wurin dila. Da ka ce min kada in taɓa, tamfol zan jefa in ɗaure da igiya. Na ɗauka naka ya ƙare ne tun shekarar farko, da ka ce takardu za ka sabunta." Sannan ya ce, "Ka san abin da na yi ta tunani? Na ce ko wani abu ne ya ɓata a ciki. Har Mama na tambaya ko jikoki sun shiga sun ɗauki wani abu."

Wannan ita ce maganar da har yau in na tuna nake jin nauyinta. Na ce ya yafe min. Ya ce shi ma ya ɓata min rufi. Na ce rufi roba ce. Muka zauna, wani tsuntsu yana ta sara itace a bayan rumfa. Mama ta leƙo ta taga, ta gan mu, ta saki labule.

Can ya ce, "Yanzu rufin nan, babu ruwan kamfani da shi?"

"Babu."

"Ko na hau na yi rawa a kai, ba wanda zai ce don me?"

"Ba kowa."

Ya miƙe yana dafa gwiwa. "To ya zama namu. Tashi mu je wurin Turawan naka su sayar mana da abin da ya dace. Kuma kai za ka biya, Bakano, kada ka tsaya neman ragi ka ba ni kunya."

Na kwance ɗakin daga jikin a-kori-kura. Na buɗe masa ƙofar mota.

Mai tabarau ya gane ni. Na ce masa ga abokin nawa. Ya fito daga bayan kanta ya ba shi hannu, suka shiga maganar roba da gam kamar sun shekara tare, ni ina tsaye ina tsintar kalma ɗaya cikin biyar. Ya nuna mana shimfiɗar da ake yin faci da ita, da gam ɗin da ke bin jikin roba, ya ce sabon rufi ya fi, amma in aka kankare kwaltar tas aka yanke inda ya kumbura, faci zai yi shekaru. Mun yi Asabar da yawa a kan rufin nan. Bazazzagi yana sama da wuƙa da abin kankara, ni ina miƙa kaya ina riƙe tsani, yana ba ni tarihin kowane ƙusa. Da muka gama ya sa tiyo ya yi ta zuba ruwa, Hajiya tana ciki kwance a gado tana kallon silin. Ta fito ta ce, "Bai zuba ba." A watan nan muka tafi bakin teku mu huɗu.

Sauran garantin ya ƙare da kansa bayan wani lokaci, ba mu ma lura ba. Yanzu idona ba ya son doguwar hanya, gwiwar Bazazzagi kuma ta hana shi tsani gaba ɗaya. Tafi-da-gidanka ya daɗe bai tafi ko'ina ba. Yara suna ta cewa a sayar, Hajiya ta ce a bar mata ɗakinta. Yana nan a kan bulo ɗinsa a Pleasant Garden, tayoyin a lulluɓe, facin rufin ya fi sauran fari, daga bakin titi ma ana hango shi. Ranar Asabar mukan je. Matan su shiga ciki su ɗora shayi a ɗan murhun, mu mu zauna a inuwarsa a kujerun roba. In hadari ya taso daga kudu, Bazazzagi yakan ɗaga kai ya kalli rufin, sannan ya kalle ni.

"Bakano, akwai abin da aka ce ka faɗa min ba ka faɗa ba?"

In ce babu. Ya ce in sake tunani, ruwa ya kusa.